Stonehenge ko Avebury: ina mai hutun kwana ɗaya zai nufa?

Duk wanda ya samu kansa a kudancin Ingila da hutun kwana ɗaya, kuma yana son ganin aikin da mutanen tsibirin Birtaniya suka bari tun kafin su san rubutu, sunan da zai fara faɗo masa a rai shi ne Stonehenge, da'irar manyan duwatsu da mutanen dauri suka kafa. Hotonsa ya game duniya, kamfanonin yawon buɗe ido na Landan kuma kullum motocinsu can suke nufa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a cikin wannan gunduma ta Wiltshire, tafiyar kimanin kilomita 40 a mota ta arewa da shi, akwai Avebury, wani wurin irinsa wanda ya ninka shi faɗi sau da yawa. Hukumar UNESCO ta haɗa su biyun cikin rajista guda ta wuraren tarihi na duniya a 1986, amma ziyartarsu ba iri ɗaya ba ce ko kusa. Mai motar kansa zai iya leƙa duka biyun a yini guda, a gurguje. Wanda ya dogara da jirgin ƙasa da bas kuwa, dole ya zaɓi ɗaya.

Ra'ayina a fili yake. In ƙafarka lafiya lau take, kuma abin da ya fito da kai shi ne ka ga yadda mutanen dauri suka sarrafa ƙasa da hannunsu, Avebury za ka je. Sai dai akwai waɗanda Stonehenge ya fi dacewa da su, kuma dalilansu masu ƙarfi ne, don haka bari mu fara da shi.

Stonehenge ma da aikin ƙasa ya fara. Wajen shekara ta 3000 kafin haihuwar Annabi Isa aka haƙa wani gwalalo mai da'ira, faɗinsa kamar mita 100, aka tara ƙasar da aka kwaso ta zama 'yar ganuwa. Daga ciki akwai ramuka 56 a jere, kuma an binne tokar gawarwakin mutane da dama a wurin, wato ya daɗe yana maƙabarta kafin manyan duwatsun su zo. Sai bayan kimanin shekara 500 aka kafa duwatsun da kowa ya sani. Yau wannan gwalalo ya kusa shafewa. Baƙi suna wucewa ta gefensa idonsu na kan duwatsu, da yawa ba sa ma lura da shi. Ke nan wanda ya je Stonehenge neman aikin ƙasa sai ya sa ido sosai kafin ya gan shi.

Duwatsun kuwa ba su da na biyu, wannan dole a faɗa. Manyan suna kai tan 25 kowanne, kuma ba haka aka kafa su yadda aka tsince su ba. An sassaƙe su da wasu duwatsun har gefensu ya miƙe, aka ɗora wasu a kwance a kan na tsaye. In ka ɗaga kai ka dubi dutsen da ya fi kowanne tsawo, za ka ga wani ɗan ƙullutu a ƙoƙon kansa. Wannan an fitar da shi ne don ya shige cikin gurbin da aka fafe a jikin dutsen da zai hau kai, kamar yadda kafinta ke haɗa katako. Binciken da aka wallafa a 2020 ya nuna yawancin manyan duwatsun daga West Woods aka jawo su, kusa da garin Marlborough, nisan kamar kilomita 25. Ƙananan, masu ɗan shuɗi-shuɗi, daga tsaunukan Preseli na Wales suka fito, fiye da kilomita 200. A 2024 kuma masana suka bayyana cewa wani dutse guda da ke kwance a tsakiya asalinsa arewa maso gabashin Sikotland ne, sama da kilomita 700 daga inda yake yanzu. An kuma daidaita ginin da mafitar rana a ranar da yini ya fi tsawo a shekara, da mafaɗarta a ranar da ya fi gajarta. Babu abin da Avebury zai nuna maka da ya yi kama da wannan gwaninta.

Matsalar ita ce yadda ake ganin sa. Tun ƙarshen shekarun 1970 aka kewaye duwatsun da igiya, saboda yawan hannu da ƙafa sun fara yi musu illa. Mutum sama da miliyan ɗaya ke zuwa a shekara. Cibiyar karɓar baƙi, wadda aka buɗe a Disambar 2013, tana nesa da duwatsun da kamar kilomita biyu da rabi. Daga nan bas ke kai ka, ka bi hanyar da aka shata, ka zagayo, ka dawo. Tikitin babba ya haura fam 20, kuma ya fi sauƙi in ka saya tun kafin ranar, tare da zaɓen lokacin shiga. 'Yan ƙungiyar English Heritage, wadda ke kula da wurin, ba sa biya. Akwai shiga ta musamman da sassafe ko da yamma, inda ake barin mutane kaɗan su tsaya a tsakiyar duwatsun, amma kuɗinta ya fi yawa, gurbinta na cikewa da wuri, kuma ko a nan ba a yarda ka taɓa dutse ba. Ga kuma babbar hanyar A303 da ke wucewa ta kudu, motoci a jere ba ƙaƙƙautawa. An daɗe ana shirin mayar da ita ƙarƙashin ƙasa, gwamnati ta soke aikin a 2024.

Da yake mutane na yi wa Stonehenge kallon duwatsu kawai, sukan rasa abin da ke kewaye da shi. Filin da ke zagaye na National Trust ne, wata ƙungiyar adana wuraren tarihi, shigarsa kyauta. In ka bar bas ka taka da ƙafa daga cibiyar, tafiyar minti 30 zuwa 40, za ka wuce ta kusa da jerin tudun kaburbura, da wani dogon fili da aka kewaye da ganuwa biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa har kusan kilomita uku, wanda ya girmi duwatsun da ɗaruruwan shekaru. Gabas kuma akwai Durrington Walls, da'irar ƙasa mai faɗin kamar mita 500, inda aka tono gidajen da ake jin maginan Stonehenge sun zauna. Duk waɗannan noma da ruwan sama sun cinye su, sun zama ƙasa-ƙasa. Sai mai taswira a hannu da haƙuri zai more su.

A Avebury ba ka bukatar kowa ya nuna maka komai. Kana fitowa daga wurin ajiye motoci, ka bi 'yar siririyar hanya, sai ka ga ƙasa ta tashi a gabanka. Ganuwa ce mai da'ira, kewayenta ya haura kilomita ɗaya, ta rungume fili mai kimanin hekta 11 da rabi, da ƙofofi huɗu. An gina ta tsakanin shekara ta 2850 da ta 2200 kafin haihuwar Annabi Isa. Tsaya a bakin gwalalon ka dubi ƙasa: gangare ne mai zurfi, ciyawa ta lulluɓe shi, tumaki na kiwo can ƙasa sun koma ƙanana. To abin da kake gani bai kai rabin zurfin asali ba. Harold St George Gray, wanda ya yi tono a wurin tsakanin 1908 da 1922, sai da ya nutsa kimanin mita tara kafin ya taɓa gindin ramin, kuma a can ƙasa ya tarar da ƙahonin barewa, kayan aikin da aka yi haƙar da su. Ba diga, ba shebur na ƙarfe, ba keken ɗaukar ƙasa. Ƙaho, da kwando, da bayan ɗan Adam. Ƙasar wurin kuma alli ce, mai tauri in ta bushe. Lokacin da aka gama aikin, wannan ganuwa da yanzu take kore fara ce fat, ana hango ta daga nesa.

Akwai wani abu da duk wanda ya san ganuwar birni zai lura da shi nan take. Ganuwar tsaro, raminta a waje yake, don maharin ya fara faɗawa rami kafin ya fuskanci bango. A Avebury ramin a ciki yake, tudun a waje. Wanda ya hau tudun daga waje shi ke kallon na ciki daga sama. Wannan ba ginin yaƙi ba ne. Masana suna ganin wurin taro ne da ibada, wasu na cewa tudun ya zama wurin tsayuwar 'yan kallo, wasu na cewa shinge ne tsakanin abin da ke ciki da sauran duniya. Karanta wannan a takarda daban, ganin sa da ido daban. Sai ka tsaya a kan tudun, ka ga yadda filin gaba ɗaya ya shimfiɗu a ƙarƙashinka, za ka gane cewa wanda ya tsara shi ba tsoron abokin gaba ne a ransa ba.

A bakin ramin ta ciki aka jera duwatsu kusan 100, da'irar dutse mafi girma a Birtaniya, sannan wasu da'irori biyu ƙanana a tsakiya. Waɗannan ba a sassaƙa su ba. Yadda aka same su a kan tuddan da ke kusa haka aka kafa su, wani mai faɗi kamar ƙyaure, wani dogo siriri, wasu nauyinsu ya haura tan 40. Babu igiya. Kana iya ɗora tafin hannunka a kai ka ji sanyinsa da kaushinsa, ka ga gansakuka fari da ruwan ɗorawa da ya manne a jiki, da ƙananan ramuka da suka huda shi. A ƙofar kudu akwai wani ƙaton dutse mai gurbi a gindinsa wanda mutane ke zama a ciki. Shiga da'irar kyauta ce. Kuɗin ajiye mota kawai za ka biya, sai na gidan tarihi in kana so.

Wani zai ce to me ya sa bai yi suna kamar Stonehenge ba? Saboda ƙauye ya zauna a cikinsa, kuma ƙauyen ya ci shi. A ƙarni na 14 mutanen wurin suka riƙa haƙa rami suna kayar da duwatsun suna binnewa. A ƙarshen ƙarni na 17 da farkon na 18 aka koma fasa su don gini: a hura wuta a jikin dutse har ya yi zafi, a kwara masa ruwan sanyi, a bi shi da guduma. William Stukeley, wani masanin kayan tarihi, ya ga ana wannan ɓarna da idonsa a shekarun 1720, ya zana wurin kafin a ƙarasa shi, kuma zanensa na cikin abin da ake dogara da shi har yau. Kafin shi, John Aubrey, wanda ya ci karo da wurin a 1649 yana farauta, ya rubuta cewa Avebury ya fi Stonehenge girma kamar yadda babbar majami'ar birni ta fi ta ƙauye. Yawancin duwatsun da ke tsaye yanzu a ɓangaren yamma, Alexander Keiller ne ya tono su ya sake kafawa a shekarun 1930, da dukiyar da ya gada daga kamfanin iyayensa na Dundee. Inda dutse ya ɓace, sai ya kafa ɗan ginshiƙin siminti don a san gurbinsa. A 1938 ma'aikatansa suka ɗaga wani dutse suka tarar da ƙasusuwan wani mutum a ƙarƙashi, tare da almakashi da tsabar kuɗi na farkon ƙarni na 14. A 1943 wurin ya koma hannun National Trust.

Wannan tarihi shi ne raunin Avebury, kuma bai kamata a ɓoye wa mai shirin zuwa ba. Da'irar ba cikakkiya ba ce. Titin mota ya ratsa tsakiyarta ya raba ta gida huɗu, sai ka riƙa buɗe ƙofar shinge kana tsallaka titi kafin ka ga kowane ɓangare. Gidaje da bishiyoyi sun tare ido, babu inda za ka tsaya ka ɗauki hoto guda da zai nuna wurin duka. Wanda ke son hoton da kowa zai gane da kallo ɗaya, zai dawo daga Avebury yana jin kamar bai samu abin da ya je nema ba. Ni kam ina ganin ƙauyen na ƙara wa wurin rai ne. Wuri ne da har yau mutane ke zaune a cikinsa, ga hayaƙin gidaje, ga mai yawo da kare, ga dutsen da ya shekara fiye da dubu huɗu a bakin shingen lambun wani.

Amma abin da ya sa nake fifita Avebury ba da'irar kaɗai ba ce. Daga ƙofar kudu wata hanya ta fita, duwatsu biyu-biyu a jere hagu da dama, wadda a da ta kai kusan kilomita biyu da rabi. Ka bi ta, ka hau ɗan tudun da ke damanka, sai Silbury Hill ya bayyana a kwari: tsauni mai kan tulluwa a daddale, tsayinsa ya haura mita 30, kuma hannu ne ya tara shi. Babu tudun da mutanen dauri suka gina a duk Turai da ya kai shi. An yi shi wajen shekara ta 2400 kafin haihuwar Annabi Isa, da alli da ƙasa kimanin tan rabin miliyan, kuma ba a tashi guda ba: ƙaramin tsibi aka fara, aka yi ta ƙarawa. An sha huda shi ana neman kabari ko dukiya. A 1776 aka haƙa rijiya daga samansa har ƙasa, a 1849 aka shiga ta gefe, daga 1968 zuwa 1970 aka sake shiga da tallafin BBC. Ba a samu kabari ba. Abin da aka samu shi ne lahani, domin a shekara ta 2000 saman tudun ya rufta inda tsohuwar rijiyar take, sai da aka yi babban aikin cike ramukan da alli a 2007 da 2008. Shi ya sa aka hana hawa, kuma ina roƙon duk wanda ya je ya mutunta wannan hani ko da ya ga wani ya tsallake shinge. Daga ƙasa ma ya fi kwarjini.

Tsallaken hanyar A4, a kan wani tudu, akwai West Kennet Long Barrow, kabarin taro da aka gina wajen shekara ta 3650 kafin haihuwar Annabi Isa, wato ya girmi manyan duwatsun Stonehenge da fiye da shekara dubu. Dogon tsibin ƙasa ne mai tsawon mita 100, bakinsa na gabas an tare shi da manyan duwatsu. Ta bayansu za ka raɓa ka shiga. Ciki akwai ɗakuna biyar na dutse, biyu hagu, biyu dama, ɗaya a ƙurya. Iska mai sanyi da ƙamshin danshi, haske kaɗan na shigowa ta sama. Masu tono sun kwashe ƙasusuwan mutum wajen 40 daga nan, maza da mata da yara, a aikin da aka yi a 1955 da 1956. Babu mai gadi, babu tikiti. Wurin kwanciyar mutane ne, a shige shi da ladabi.

Wannan zagaye, daga ƙauye zuwa hanyar duwatsu, zuwa kabarin, a dawo ta gefen Silbury, yana cin awa uku zuwa huɗu ga mai tafiya a natse. A nan ne zaɓin yake rabuwa sosai. Hanyoyin Avebury na gona ne. In an yi ruwa, allin nan yana zama taɓo mai santsi da ke like wa takalmi, ga kashin tumaki, ga hawa da gangara, kuma motoci na gudu sosai a A4, tsallakarta sai da lura. Da zarar ka bar ƙauyen babu rumfa, babu banɗaki, babu wurin sayen ruwa. Idan kana tare da tsoho, ko mai keken guragu, ko jariri a keke, Stonehenge ya fi dacewa da ku nesa ba kusa ba: bas har bakin wurin, hanya shimfiɗaɗɗiya, wurin cin abinci, ɗakin baje kolin kayan da aka tono, da bukkokin da aka gina irin na mutanen wancan zamani, waɗanda yara ke son shiga. Haka ma wanda bai san komai game da tarihin ba kuma yana son a yi masa bayani daki-daki. A Avebury allunan bayani kaɗan ne. Ka fara leƙa gidan tarihin Keiller da ke cikin ƙauyen, ko ka yi karatunka tun daga gida. Yaran da suka iya gudu kuwa, Avebury ne nasu, don babu mai ce musu kada ku taka nan. Sai dai wani lokaci akan rufe wani sashe na ganuwar don ciyawa ta farfaɗo.

Ta fuskar sufuri duka biyun suna yiwuwa daga Landan a yini guda. Na Stonehenge, jirgin ƙasa daga tashar Waterloo zuwa Salisbury, kamar awa ɗaya da rabi, sannan bas na musamman daga bakin tasha. Na Avebury, jirgi daga Paddington zuwa Swindon, kamar awa ɗaya, sannan bas mai lamba 49 da ke tsayawa a tsakiyar da'irar kanta. Ka duba lokacin bas na ƙarshe kafin ka fita, musamman ranar Lahadi. Wannan bas yana wucewa har Devizes, inda gidan tarihin Wiltshire ke ajiye da kayan zinariyar da aka tono a wani kabari kusa da Stonehenge. Babu bas mai sauƙi da ke haɗa wuraren biyu kai tsaye, shi ya sa na ce mara mota ya zaɓi ɗaya.

Lokacin shekara ma yana da ta cewa. A Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe huɗu na yamma, iska kuma a kan waɗannan tuddai ba ta da sauƙi. Zagayen Avebury a irin wannan lokaci sai wanda ya yi sammako da takalmin ruwa, alhali Stonehenge awa biyu sun ishe shi, kuma cunkoso ya ragu. Daga Mayu zuwa Satumba lamarin ya juya: Stonehenge ya cika maƙil, Avebury kuma yana da filin da zai haɗiye kowa, ga haske har bayan ƙarfe tara na dare a tsakiyar bazarar can. Kwanakin da ke kusa da 21 ga Yuni daban ne. A daren ake buɗe Stonehenge kyauta, dubban mutane su kwana suna jiran fitowar rana, ciki har da masu bin addinan gargajiya na zamani, kuma Avebury ma na cika, wurin ajiye mota ya yi wuya. Mai neman natsuwa ya kauce wa wannan mako.

Wanda ya samu mota kuma ya ƙudura sai ya ga duka biyun, ya karɓi tikitin farko na safe a Stonehenge, kafin manyan motocin Landan su iso, ya gama kafin azahar, ya nufi arewa. Tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Ya fara tsayawa a gefen A4 ya hau zuwa kabarin West Kennet, inda zai hangi Silbury daga sama, sannan ya ƙarasa Avebury da yamma, lokacin da rana ta karkata, inuwa ta fito da zurfin gwalalon da tsayin ganuwar fiye da yadda ake ganin su da tsakar rana.